Shekarar da Na Manta Yadda Ake Haɗa Shayi

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, ina tsaye a bayan teburin shayi na ji wata daga cikinku ku matasan cocinmu, 'yar uni, wato jami'a, tana gaya wa ƙawarta da Turancin nan naku na Manchester mai haɗiye rabin kalma cewa ita dai a ba ta aikin shayi, don shi ne ba wahala: ganye, ruwan zafi, madara, shi ke nan. Na miƙa mata buta na koma gefe. Kafin mutum goma su wuce ta zuba wa mai ciwon sukari cokali biyu, ta ba wani dattijo ɗan Jamaika shayi fari sol kamar ruwan wankin shinkafa, sannan wani baƙo ya ce mata ya gode ba zai sha ba, ta ce to, ta wuce abinta. Wannan na ƙarshen ne ya zaunar da ni rubutu. Da gangan na yi shi da Hausa, don kada kwamitin coci ya karanta. Wanda Hausarsa ba ta kai ba a cikinku, ya kai wa uwarsa.

Ni ne wanda kuke kira Baba Ishaya. A tashar mota a Zariya na koyi sana'ar nan, wurin wani bawan Allah, Malam Ɗan'iya. Shi Musulmi ne mai gemu, ni ɗan Kirista daga ƙauye, kuma wannan bai taɓa shiga tsakanin hannunsa da ƙeyata ba in na yi shirme. Shekara biyu cur ina wanke kofi da hura gawayi kafin ya bari na taɓa buta. A shekara ta uku ya koya min ɗaga hannu sama in juye shayi daga wannan kofi zuwa wancan har ya huce ya yi kumfa, ba tare da ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Na iya ruwan bunu, na iya haɗin kauri, na san yawan citta da kanumfarin da direban dogon zango yake so. Sai na fara ɗaga kafaɗa, a zatona na gama.

Wata safiya wani mutum ya zo ya zauna a ƙarshen benci, rigarsa wankakkiya amma wuyanta ya cinye. Na ce masa bismilla, ya ce alhamdu lillahi, ya karya. Na juya zan tafi, Malam ya taka min ƙafa. Shi da kansa ya haɗa kauri, ya yanka burodi, ya tura gaban mutumin. Mutumin ya ce wallahi ya ƙoshi. Malam ya ce ai sanyi ake yi, ko don ɗumin hannu. Ya ce a'a. Malam ya ce to shi ke nan, raina mu ka yi. A nan ne mutumin ya ɗauka, kuma yadda ya gama da burodin nan na san ko jiya bai ga abinci ba. Bayan ya tafi Malam ya ce min, “Kai ɗan nan, mutumin ƙasar nan in ya ce maka ya ƙoshi karo na farko, gaisuwa ce ya yi maka. Na biyu, tarbiyyar gidansu yake nuna maka. Sai a na uku ake fara magana. Labarin zuciya a tambayi fuska.” Wannan ita ce sana'ar. Tafasa ruwa ko mahaukaci ya iya.

Matata Saratu nas ce, aiki ya kawo ta Ingila, ni kuma na biyo ta da kofunan silba biyu a cikin akwati. Birmingham muka fara sauka, a Handsworth, kuma a wani ƙaramin coci a can na sake zama ɗan koyo da furfurata. Mai teburin shayin wata tsohuwa ce 'yar Jamaika, Sista Winifred. Na gaya mata ni ƙwararre ne, ta ce to nuna mana. Na buɗe gwangwanin madara, na juye sukari yadda ake yi wa mutumin kirki, na ɗaga hannu sama kamar a tasha. Ashe a bayana akwai matar wani dattijon ikilisiya da sabuwar hula mai gashin tsuntsu, kuma ita ce ta ture ni da jakarta. Hular nan ba ta sake zuwa coci ba.

Sista Winifred ba ta kore ni ba. Ta koya min a fara ɗumama buta kafin a sa ganye, a bar shi ya jiƙu ba a tafasa shi, madara kuwa ta kwalba mai sanyi, ɗan ɗis. Ta koya min cewa akwai masu son madara ta riga shayi shiga kofi, akwai masu son ta biyo baya, kuma waɗannan jama'a biyu ba za su shirya ba har tashin kiyama. Abu ɗaya ne ta yi ta faɗa bai shige ni ba: Bature in ya ce ya gode ba ya so, to ba ya so ɗin ne. Na ji da kunne, amma hannuna bai ji ba.

Da aka mayar da Saratu wani asibiti a Manchester muka sami ɗan gidan haya, flat, a Whalley Range, muka faɗo cocin nan da kuka tashi kuka gani. Ku ba ku san tarihinsa ba, ni kuwa na sha shi har ya ishe ni a bakin Mama Doreen, shugabar kwamiti, wadda aka yi wa baftisma a nan tun kafin a haifi iyayenku. Ma'aikatan masaƙar auduga ne suka gina shi. Da mutanen Jamaika suka fara zuwa garin, wasu coci-coci sukan gaisa da su a bakin ƙofa su roƙe su kada su dawo mako mai zuwa. A nan aka ce su zauna, sai rabin 'yan coci suka yi fushi suka tafi. Daga baya aka ba mace mumbari, wasu suka tafi. Aka cire benci biyu don masu keken guragu, har a kan benci wani ya tafi. Mama Doreen takan ce duk lokacin da aka ƙara wa ƙofar nan faɗi, sai an sami masu bi ta cikinta su fita. Waɗanda suka rage su ne kuke gani: tsofaffin Turawa, 'yan Jamaika, 'yan Iran masu neman mafaka, kurame da mai yi musu fassara da hannu, da waɗanda aka kora daga wani cocin.

Cikin na ƙarshen nan akwai Colin. Ranar da aka nuna min shi aka ce ga mijinsa Peter, cokali ne ya faɗi daga hannuna. Inda na fito ba a ko faɗin irin wannan magana da rana. Na koma gida na kwashe na gaya wa Saratu, ta bari na gama, ta ce, “Aikin alƙali aka ɗauke ka ko na shayi?” Colin ba ya shan sukari, Peter cokali ɗaya da rabi, kuma su biyun ne suka hau tsani suka toshe mana yoyon tagar ɗaki da damina ta farko.

Coci yana buɗe zaurensa na gefe Litinin zuwa Juma'a, kowa ya shigo ya sha shayi kyauta, kuma ni aka ɗauka in riƙe teburin. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tankin ruwan zafi da nake kira Gwaggo, wadda ta girme Fasto Ruth, sai an kunna ta da minti arba'in kafin a buɗe ƙofa, kuma sai ta yi tari sau biyu kafin ta tafasa. Akwai butoci biyu na ƙarfe, da rariya, da wuƙar burodi, da kofunana na silba. Sai kaskon suyar ƙwai nawa na kaina, wanda naman alade bai taɓa gani ba, domin likitoci da ɗalibai 'yan gida sukan leƙo, kuma ba na son wani ya ci yana zargi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe ɗakin karatun unguwa, ta rufe wurin da tsofaffi suke wuni, ta rage wannan ta yanke wancan. Duk wanda aka rufe wa ƙofa, tamu yake nufowa. Mutane suna zuwa ba don Yesu ba, ba don shayi ba ma, sai don zauren yana da ɗumi. Fasto Ruth ta ce ɗumin ma ai wa'azi ne. A cikin shekarun nan akwai wadda ta fi kowace muni gare mu 'yan gida, shekarar da naira ta faɗi warwas, gwamnatocin jihohi kuma suka manta sun turo ɗalibai karatu.

Da sanyin shekarar nan wani saurayi ya fara zuwa. Zan kira shi Habibu, ko da yake ba sunansa ba ne. Digiri na uku yake yi, a Withington yake zaune. Yakan shigo ta ƙofar gefe yana waige-waige kamar wanda zai shiga gidan giya, ya nemi kujerar da ta fi kusa da hita mai ɗumama zaure, ya buɗe kwamfuta. Da na ga yadda ya cire hula ya mayar na san namu ne. Na je na ce, “Malam, sannu da sanyi.” Saura kaɗan ya faɗo daga kujera.

“Baba, Bahaushe ne kai? A nan?”

“To a ina kake so ka gan ni? Me za a kawo maka?”

“A'a wallahi, alhamdu lillahi. Heating ɗin flat ɗinmu ne kawai ya sami matsala, library kuma ta cika, ga deadline. Azumi ma nake yi.”

Ran nan Litinin ce, na ce Allah ya ba da lada. Talata ma ya ce azumi. Laraba azumi. Ni dai a tasha na girma cikin Musulmi, na san na Litinin da Alhamis, amma na Talata da Laraba sai a Manchester na fara jin sa. Ranar Larabar kuwa na kama shi a famfon bayan ƙofa yana ɗirkar ruwa kofi biyu. Na duba bel ɗinsa, an huda sabon rami da ƙusa. In an wuce da faranti idonsa yakan bi shi taku biyu, sannan ya dawo da shi kan kwamfuta da sauri kamar ya yi sata.

Sai na yi masa irin ta Malam Ɗan'iya. Tayi na farko, a'a. Na biyu, a'a. Na uku na ce to shi ke nan, don ni Kirista ne kake ƙyamar hannuna. Ya ce subhanallahi, Baba, ya karɓa. Haɗin kauri, burodi, ƙwai biyu da albasa. Muka yi mako biyu a haka, fuskarsa ta fara dawowa. Amma kunya tana girma da ƙoshi. Ya fara cewa, “Haba Baba, kullum?” A'arsa ta tashi daga biyu ta koma biyar.

Ana cikin haka na jawo wa kaina. Wata rana Colin ya shigo fuskarsa a yamutse, na yi masa tayi ya ce ya gode. Na sake, ya ce a'a. Na sake, har na kama hannunsa na ɗora masa kofi. Ashe cikinsa ne ke ciwo. Bai yi faɗa ba, amma ya kai magana kwamiti cikin lalama. Kuma gaskiyarsa ce. Colin ya fito daga cocin da aka taɓa kewaye shi ana yi masa addu'ar da bai roƙa ba, yana cewa a'a ana ƙara murya. Rabin mutanen cocinmu suna da irin wannan tabon, shi ya sa a'a take da tsarki a wurinsu. Aka rubuta doka aka manna a bangon da ke bayana: tayi sau ɗaya ne, wanda ya ƙi a ƙyale shi. Mama Doreen ta ɗauko kujerarta da saƙarta ta dasa kusa da Gwaggo. Ba ta jin Hausa, amma ta iya ƙirga sau nawa na je teburin mutum.

Kwana uku ina zuwa wurin Habibu sau ɗaya, yana cewa alhamdu lillahi, ina dawowa. Kwana uku yana shan ruwan famfo. Raina ya ɓaci ƙwarai, har Saratu ta ce ina magana cikin barci.

A rana ta huɗu Peter ya ce in ba shi shayinsa da biskit. Na buɗe gwangwanin madara, na juye sukari, na fasa ƙwai biyu, na kai masa da fuskar salihai. Ya kalli faranti ya kalle ni, ya ce ba wannan ya ce ba. Na dafe kai, na ba shi haƙuri, na ɗauko farantin na nufi kwandon shara, wanda na riga na matsar da shi kusa da hita tun da safe. Na taka fedar kwandon, murfin ya buɗe, sai Habibu ya zabura.

“Baba! Me za ka yi?”

“Kuskure na yi. Dokarsu ce, abin da aka haɗa bisa kuskure ba a mayar da shi, shara ake zubawa.”

“Ƙwai biyu? Subhanallahi, wannan ai almubazzaranci ne!”

“To ya zan yi? Ƙasarsu ce.”

“Kawo nan, Baba. Kada ka ɗauki alhaki.”

Ya cinye tas, yana yi min nasiha a kan hakkin abinci. Ni kuma na tsaya da kai a sunkuye ina cewa gaskiya ne, Malam, Allah ya shirye mu. Ban yi tayi ba, ban karya doka ba. Shi kuma ba sadaka ya ci ba, ceto na ya yi daga zunubi.

Daga ran nan na zama mai shayin da ya fi kowa shirme a ƙasar Ingila. Kullum wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai na yi kuskure. Tsohuwa ta ce ruwan zafi da lemon tsami, in kai mata haɗin kauri da ƙwai. Ɗan Iran ya ce baƙin shayi, in kai masa haɗin kauri da ƙwai. In na ga yaron ya yi laushi da yawa, sai in ƙara wani kuskuren da la'asar. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana min ciwo. Shekara arba'in ina gina suna, ga ni ina rushe shi da hannuna a gaban mutanen da a da suke kawo baƙinsu su ga yadda nake juya shayi a sama. Amma kuma wani sa'in dariya ce take cin cikina har sai na shiga kicin na rufe ƙofa.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne ƙaunar mutanen cocin nan. Suka fara yi min magana a hankali, da ƙarfi, kamar ga kurma. Wata ta kawo min ƙwayoyin man kifi. Peter ya fara rubuta abin da yake so a takarda da manyan baƙaƙe, na karanta na kai masa haɗin kauri da ƙwai. Bayan wata biyu Fasto Ruth ta kira ni ofis, ta riƙe hannuna, ta roƙe ni in je in ga GP, likitan unguwa. Na je. Likita ya faɗi kalmomi uku ya ce in riƙe, ya sa na zana agogo, sannan ya ce in maimaita kalmomin. Nan na shiga tsaka mai wuya. In na faɗi duka, kwamiti zai tambayi to ina kuskuren yake fitowa. In na kasa duka, Saratu za ta kashe ni. Na faɗi biyu, na kalli silin a kan ta uku. Har yau ina tune da ita, kujera ce.

Aka kira taron kwamiti a ɗakin da ke kallon zaure ta ƙofar gilashi. Maganar ɗaya ce: mutumin da ke mantuwa bai kamata ya tsaya kan tankin tafasasshen ruwa ba. Fasto Ruth ta ce, “Ishaya, kafin mu yanke, akwai abin da kake so ka gaya mana?” Ta cikin gilashin ina hango Habibu ya duƙufa a kan kwamfuta. Kalma goma za su wanke ni. Na kuma san abin da zai biyo baya, domin mutanen nan ba mugaye ba ne, matsalar ke nan. Za su tausaya. Za su kafa ƙaramin kwamiti. Za a kawo fom a cike, a haɗa masa kwalin abinci da sunansa a jiki, ranar Lahadi a sa shi cikin addu'a. Alherin Bature da takarda yake zuwa. Yaron da ya ƙirƙiro azumin Talata don kada a san halinsa, ranar da ya ga sunansa a jikin kwali ba zai sake taka layin nan ba, gara masa ya faɗi a flat. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce, “Fasto, tsufa ne.”

Aka karɓe min Gwaggo, aka mayar da ni wurin wanke kofi. Mama Doreen da kanta ta ce za ta riƙe teburin, tana da shekara tamanin da ɗaya. Abin kunyar bai dame ni ba kamar yadda wani abu ya dame ni: na rufa wa yaron asiri, amma na rasa hannun da nake ciyar da shi. An gudu ba a tsira ba.

Litinin da safe ina bakin wurin wanke-wanke ina leƙe. Habibu ya shigo ya zauna. Mama Doreen ta taka da sandarta ta je ta yi masa tayi sau ɗaya, kamar yadda doka ta ce. Ya ce ya gode. Ta juyo. Na ji kamar in yi kuka cikin ruwan kumfa. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan ta shigo kicin, ba ta kalle ni ba, ta ce, “Ina kake ajiye madarar gwangwanin nan taka?” Na nuna. “Sukari nawa?” Na faɗa mata, ta runtse ido kamar an soke ta, ta zuba. Ta ɗauko kaskona ta fasa ƙwai biyu, ta ƙona gefensu. Ta ɗora a faranti ta kai wa Colin, wanda ruwa kawai ya roƙa. Colin ya buɗe baki, ta yi masa wani kallo, ya rufe. Sannan ta ɗaga murya yadda har kurame sai da suka juyo, ta ce, “Kash, na yi kuskure. Ashe ciwon Ishaya ana ɗauka.” Ta nufi kwandon shara a hankali, tana jan ƙafa fiye da yadda ta saba, har sai da Habibu ya miƙe ya tare ta.

Da ta dawo kicin ta tsaya kusa da ni tana goge hannu. Ta ce, “Na yi shekaru ina jinyar mijina da ciwon mantuwa. Ban taɓa ganin irin wanda yake hutun ranar Juma'a ba.” Ranar Juma'a Habibu masallaci yake tafiya. Na ce, “Mama, to me ya sa a taron ba ki...” Ta ce, “Ba ka faɗa ba, ni ce zan faɗa? Wanke kofin nan da kyau, akwai jan baki a gefensa.”

Haka muka ƙare sanyin nan, ni ina wanke-wanke, ita tana kuskure. Matar da tun da aka haife ta ba a taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, sai ga shi kullum sau ɗaya, wani lokaci sau biyu. Da rana ta fara tsawo Habibu ya sami ɗan aikin koyarwa a uni, ya daina zuwa kullum, daga baya ya gama ya tafi. Mama Doreen ta ce wuyan hannunta yana ciwo, aka mayar min da teburina, bisa sharaɗin kullum a sami wani ya tsaya kusa da ni saboda ruwan zafi. Sharaɗin yana nan a rubuce. Ku da ake jera sunayenku kuna zaton taimako kuke zuwa yi min, gadina aka turo ku. Mama Doreen ta rasu ba ta gaya wa kowa ba, mun binne ta, kuma ni na yi shayin makokinta, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Shekaru bayan haka, wata Asabar muna gyaran zaure, mota ta tsaya a ƙofar gefe. Habibu ne, ya yi ƙiba, yana koyarwa a wata jami'a a Birmingham, ga matarsa ga 'ya'ya biyu masu Turanci ta hanci. Muka gaisa, ya tambayi Mama Doreen, na gaya masa ta rasu, ya yi min ta'aziyya. Sai ya juya ga matarsa, a gabana, ya ce, “Wannan ne Baban da nake ba ki labari. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai shayin ne Allah bai ba shi ba, kullum sai ya yi kuskure.” Matar ta dube ni da tausayi ta ce Allah ya ƙara lafiya. Na ce amin. Ni da na yi shekara biyu ina wanke kofi a Zariya kafin a bar ni in taɓa buta.

Da za su tafi ya ce in raka shi mota. Ya buɗe but ɗin bayan motar. Kiret-kiret na ƙwai, katan-katan na madarar gwangwani, buhun sukari, har motar ta zauna. Yana kallon taya ya ce, “Baba, kuskure na yi a shop, na yi order ya yi yawa, kuma sun ce ba a mayarwa. In ba ku karɓa ba zubarwa za a yi.”

Ni ma na kalli tayar. Na ce, “Subhanallahi, Malam. Wannan ai almubazzaranci ne.”

Muka yi ta jidar kaya zuwa kicin, sawu bakwai, ba wanda ya yarda ya kalli idon ɗan'uwansa.